Ruwan tudu, asarar gangare: nazarin zaizayar ƙasa a birnin Gombe

A yawancin ƙasar Hausa, idan aka ce kwari, abin da ke faɗo wa mai sauraro shi ne wuri mai dausayi inda rake da shinkafa ke yin kyau. A birnin Gombe kalmar ta ɗauki wata ma'ana mai nauyi, domin kwari a nan rami ne mai tsawo da zurfi wanda ruwan sama ya haƙa a tsakiyar unguwa, kuma yana ƙara faɗi duk damina. Mazauna Malam Inna da Kagarawal da Arawa da Bagadaza da London Mai Ɗorawa sukan ce kwari ya ci gidan wane, ko kwari ya iso bayan makaranta, kamar masu maganar wata dabba da ke kwance a bayan katanga tana jiran watan Agusta. Akwai wuraren da zurfinsa ya wuce tsayin gidan bene, ta yadda wanda ya tsaya a bakinsa zai hangi yaran da ke wasa a ƙasa kamar 'yan tsaki.

Wannan nazari ya tsaya ne a kan lamari ɗaya: yadda zaizayar ƙasa ta zama babbar matsalar muhalli a babban birnin jihar Gombe, da abin da aka yi a kanta, da abin da aikin bai kai gare shi ba. Hausawa na cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a sha'anin kwarin Gombe wani ke ɗebowa, bakin wani ke ƙonewa, kuma muddin ba a gane wannan ba, da wuya a gane dalilin da ya sa ake ta zuba biliyoyin naira a cikin rami alhali wasu ramukan na buɗe baki a gefe.

Inda garin ya zauna

Gomben da muka sani a yau ba ita ce mazaunin Modibbo Buba Yero ba. Hedikwatar masarautar da ya kafa a zamanin jihadi tana Gombe Abba ne, kusa da kogin Gongola. Turawan mulkin mallaka suka mayar da ita Nafada a 1913, daga baya a 1919 suka kawo ta Doma, wurin da ya zama Gombe ta yanzu. Wurin da suka zaɓa kuwa ya yi kama da kasko da aka karkata: tudun Akko ya tsaya daga yamma, dutsen Liji daga gabas, gari yana kwance a tsakani. Duk wanda ya taɓa shigowa ta hanyar Bauchi ya san wannan ko da bai taɓa buɗe taswira ba, domin da zarar mota ta wuce Tumfure sai hanya ta fara gangarawa, gari ya bayyana a ƙasa baki ɗayansa. Bambancin tsayi tsakanin tudun yamma da gangaren gabas ya kai kusan mita 200, kuma duk ruwan da ya sauka a sama dole ne ya ratsa ta cikin unguwanni kafin ya nufi kwarin Gongola.

Ƙasar da ruwan ke bi ta kanta ba mai riƙe kanta ba ce. A yammacin gari akwai shimfiɗar da masana ilimin ƙasa ke kira Keri-Keri, jar ƙasa mai yashi wadda ba ta da danƙo, a ƙarƙashin babban ɓangaren gari kuma akwai dutsen yashi wanda aka laƙaba wa sunan Gombe ɗin kanta, a wasu sassan kuma laka ce mai kumbura da damina ta tsage da rani. Idan mutum ya ɗebi dunƙulen jar ƙasar nan ya jefa a bokitin ruwa, kafin ya juya ta narke. Ruwan saman da Gombe ke samu a shekara bai kai mita ɗaya ba, wato ba shi da yawan na kudancin Najeriya, sai dai mafi yawansa yana sauka ne tsakanin Yuli da Satumba, sau da yawa cikin sa'a ɗaya ko biyu da ƙarfin gaske, bayan ƙasa ta shafe watanni shida ko bakwai a bushe babu ciyawar da ta rufe ta.

Gangare da yashi da ruwa mai ƙarfi duk sun riga mu zuwa wurin. Tun kafin a kafa tubali ɗaya a Doma akwai rafuffukan da ke kawo ruwa da damina su ƙafe da rani, kuma dattawan gari suna tuna lokacin da yaro ke tsallake wasunsu da ƙafa. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce abin da ya mayar da 'yar ƙoramar da ake tsallakewa ta zama ramin da ke haɗiye gida.

Yana da kyau a san yadda kwari ke tafiya, domin mutane da yawa suna zaton gaba yake yi tare da ruwa, alhali da baya yake tafiya. Ruwa yakan taru a wata hanyar ƙafa ko sawun mota, ya zaftare 'yar ƙasa, ya yi ɗan gaɓa. Daga nan duk ruwan da ya zo sai ya faɗa daga saman gaɓar, ya daki gindinta, ya rarake ƙarƙashinta, har saman ya rasa abin dogaro ya rufta. Kowace ruftawa tana matsar da kan kwarin zuwa tudu, wato zuwa inda ruwan ya fito. A gefe guda kuma ruwan da ke gudu a ƙasa yana cin gindin bangon hagu da na dama, shi ya sa mai gida kan kwanta da tazarar taku goma tsakaninsa da rami ya wayi gari da taku uku. Alamar farko ita ce tsagewar ƙasa a layi ɗaya da bakin kwari, sai ta katanga, sai ta ɗakin da ke ƙurya. Wanda ya zauna a irin wannan unguwa ya san cewa ruftawa ba lallai ta zo lokacin da ake ruwa ba. Sau da yawa sai bayan an ɗauke da sa'o'i, lokacin da ƙasa ta sha ta yi nauyi, mutane kuma sun saki jiki.

Bayan 1996

Gombe ta fara cika ne da kasuwancin auduga da gyaɗa, kuma har yau akwai unguwar da ake kira BCGA da sunan kamfanin gurzar auduga na Turawa. Jirgin ƙasa ya iso a 1963 a kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri. Amma babban sauyi ya zo ne ranar 1 ga Oktoban 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke jihar Gombe daga Bauchi. Garin da yake hedikwatar ƙaramar hukuma ya wayi gari yana neman sakatariya da gidajen ma'aikata da asibitoci da tashoshin mota. Jami'ar jiha ta zo a 2004. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gombe mutum sama da 260,000, kuma wannan adadi bai haɗa da unguwannin da suka riga suka tsallaka cikin ƙananan hukumomin Akko da Kwami da Yamaltu/Deba ba. Bayan haka rikicin Boko Haram ya koro dubban iyalai daga Borno da Yobe da Adamawa, da yawansu kuma ba su zauna a sansani ba, sun nemi haya ko sun sayi ɗan fili a inda kuɗinsu ya kai.

Abin da wannan cika ta yi wa ruwa shi ne zuciyar lamarin. Gona tana shan ruwa. Kunya da ciyawa da saiwar ɗorawa da tsamiya suna tsayar da shi har ya nutse, abin da ya rage ya gangara a hankali. Ranar da aka yanka gonar aka mayar da ita filaye, sai kwanon rufi ya maye gurbin ganye, daɓen siminti ya maye gurbin kunya. Lissafin ba shi da wuya: ruwan sama na milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Fili mai ƙafa 50 a faɗi da 100 a tsawo, wanda shi ne aka fi sayarwa, ya kai murabba'in mita 465. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, abin da ya sauka a wannan fili ɗaya ya haura lita 23,000, wato fiye da duro 100. Mai gidan da ya rufe rabin filinsa da kwano ya daɓe sauran da siminti ko intalok, ya kuma huda rariya a gindin katanga, ya tura kusan dukkan wannan ruwa kan titi cikin 'yan mintoci. A ninka wannan sau dubu goma, sannan a tuna cewa sababbin unguwannin masu hali sun fi yawa a tudun yamma, sai a ga abin da ke sauka a kan mutanen gangare. Babu wanda ya yi haka da mugun nufi. Mutum yana daɓe tsakar gidansa ne don gudun taɓo da sauro, kuma a idonsa gyara ya yi.

Hanyoyin mota sun ƙara nasu. Kwalta ba ta shan ruwa, kuma magudanar da ke gefenta tana tattara ruwan layuka da yawa ta haɗa shi wuri ɗaya. Wannan ba laifi ba ne idan an kai magudanar har inda ruwan zai sauka lafiya. Abin da ya sha faruwa shi ne, kwangila tana ƙarewa a inda kwalta ta ƙare, sai a bar bakin kwalbati yana aman ruwa a kan jar ƙasa tsirara. Wanda ya bi kwarurukan Gombe da ƙafa zuwa inda suka faro zai tarar da yawa daga cikinsu sun fara ne daga bakin wani kwalbati ko ƙarshen wata lambatu. Wannan na daga cikin abubuwan da suka fi ba ni takaici a lamarin, domin aikin da aka yi da kuɗin jama'a don a kawar da ruwa daga wata unguwa shi ne ya zama mafarin ramin da za a sake kashe kuɗin jama'a a cike.

Sai kuma yashi. Garin da ke gini yana buƙatar bulo, bulo kuma yana buƙatar yashi, mafi kusa kuma shi ne wanda ke kwance a cikin kwari. Matasa suna haƙa, masu tifa suna saye, kuma ga wanda ba shi da aikin yi wannan sana'a ce ta halal da ke ciyar da gida. Sai dai duk tifar da aka ɗiba daga ƙasan kwari tana ƙara masa zurfi, zurfin kuma yana ƙara wa ruwa ƙarfin faɗuwa, ya ƙara cin gindin bango. Itatuwan da suka rage a gefen gari su ma sun tafi a itacen girki da gawayi, kuma tsadar gas bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ta mayar da gidaje da yawa kan murhu. Shara kuwa tana aiki ta fuska biyu: leda da robobi suna toshe kwalbati ruwa ya haura ya buɗe sabuwar hanya, sannan mutanen bakin kwari da kansu suna zuba bola a ciki da zaton za ta tare ƙasa, alhali bola ba ta da saiwa, ruwan farko ke kwashe ta ya kai wa na gaba.

Wanda ke biya

Fili a bakin kwari ya fi araha, don haka wanda ya fi ƙarancin hali shi ke ƙarewa a can. Lebura ko ɗan acaba ko malamin firamare ko bazawara mai marayu sukan tara kuɗi shekara da shekaru su sayi rabin fili daga hannun dillali, a rubuta takarda a gaban mai unguwa, su gina ɗaki biyu. A lokacin sayen ramin yana da nisa. Bayan damina biyar ko shida sai a fara jera buhunan yashi da tsofaffin tayoyi, a yi karo-karo a sayi siminti a ɗan yi kariya, ruwa ɗaya ya tafi da ita. Daga nan gidan ya zama dukiyar da ba ta sayuwa, domin babu mai saye, kuma ba ta jinginuwa, ba ta kuma zaunuwa da kwanciyar hankali. Da yawa sukan cire kwano da ƙofofi da tagogi tun kafin ɗakin ya tafi, su koma haya. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana gudun haya ya koma cikinta da furfura.

Akwai asarar da ba ta shiga lissafin kwamitin tantance ɓarna. Kwari yana raba unguwa biyu, ta yadda makarantar da yaro ke hangowa daga ƙofar gida sai ya yi zagaye mai nisa kafin ya kai, ko ya sauka ta cikin ramin, kuma ruwan da aka yi a tudu yana iya isowa alhali a nan ko ɗigo bai sauka ba. Mai naƙuda da dare sai an nemi hanyar da mota za ta iya bi. Bututun ruwa da turakun lantarki suna rataye a iska. A wasu wuraren ruwa ya taɓa maƙabarta, abin da ke girgiza jama'a fiye da rushewar kowane gini. Ambaliyar da aka yi a watan Agustan 2004, wadda ta ci rayuka ta rushe gidaje da yawa a cikin gari, har yau tana bakin mutanen da suka gan ta, kuma ita ce ta nuna wa kowa yawan ruwan da ke bi ta cikin Gombe a sa'a ɗaya. Ƙasar da aka zaftare ba ta ɓacewa, tana sauka ne a gonakin da ke gabas da gari, ta binne shuka da yashin da ba ya haifar da komai.

A nan akwai wani abin mamaki da ya cancanci a tsaya a kansa. Garin da ruwa ke rushewa da damina shi ne garin da ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa da masu tanka da rani. A tudun Keri-Keri ruwan ƙasa yana da nisa ƙwarai, haƙa rijiyar burtsatse kuma tana cin kuɗi mai yawa, ruwan famfo kuwa daga madatsar Dadin Kowa ake turo shi, tafiyar kusan kilomita 40, ana hawa tudu da shi da ƙarfin inji. Gidan da ya kori duro 100 ta rariya a watan Agusta shi ne zai sayi jarka a watan Maris.

Abin da hukuma ta yi

Shekaru da dama maganin da ake yi na ɗinki ne. Asusun kula da muhalli na tarayya, wanda aka kafa tun 1981, da kasafin jiha sun gina magudanu a sassa daban-daban na gari, wasunsu sun yi amfani sosai, musamman a tsakiyar birni. Matsalarsu ita ce gutsure-gutsure ne: a ɗaure mita ɗari biyar a bar sama da ƙasa a buɗe, ruwa ya zagayo ta bayan kankaren ya ɗaga shi.

Salon ya sauya da zuwan shirin yaƙi da zaizayar ƙasa na NEWMAP, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2012 da dala miliyan 500. An fara shi ne saboda kwazazzaban kudu maso gabashin ƙasar, daga baya aka shigo da wasu jihohin arewa, ciki har da Gombe. A ƙarƙashinsa, a wa'adin farko na Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya, aka ɗaure kwarin da ya taso daga jami'ar jiha ya bi ta Malam Inna zuwa Kagarawal, tsawon kimanin kilomita 7.5. Da NEWMAP ya ƙare sai shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace na ACReSAL ya biyo baya, wanda bankin ya amince da shi a watan Disamban 2021 da dala miliyan 700 domin jihohin arewa 19 da Abuja. A ƙarƙashinsa ne aka ba da aikin kwarin da ake kira na FCE, saboda ya faro daga wajen Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha, wanda tsawonsa da rassansa ya kai kimanin kilomita 21, a kan kuɗi kusan naira biliyan 12. Tun 2019 kuma jihar ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa da aka fi sani da 3G, da burin dasa miliyan ɗaya kowace shekara.

Bambancin waɗannan ayyuka da na da shi ne ana bin kwarin tun daga kansa. Ana zuba magudanar kankare mai faɗi a ƙasa, a sassabe bangon da ya miƙe tsaye a kwantar da shi, a jera kejin waya cike da duwatsu a inda ruwa ke dukan gefe, a gina matakala da matattara a inda gangare ya yi tsanani don a karya gudun ruwa, sannan a dasa jema da itatuwa a gefe, domin saiwar jema tana nutsawa ƙasa sosai ta ɗinke ta. Ana kuma biyan diyya ga waɗanda aikin ya taɓa gidajensu, sharaɗin da bankin ba ya sassautawa a kai. Duk wanda ya san Malam Inna kafin aikin ya kuma gan ta bayansa ba zai yi musun amfaninsa ba. Mutanen da ke kwana a zaune idan hadari ya haɗu sun samu barci, gidajen da babu mai taya su sun sake yin daraja, gadoji sun haɗa unguwannin da suka rabu. Wanda ya ce kankare ba magani ba ne, to bai taɓa jin ƙarar ruftawar ƙasa a bayan ɗakinsa da tsakar dare ba.

Duk da haka akwai abin da kankare ba zai iya ba. Idan aka raba naira biliyan 12 a kan kilomita 21, kowace kilomita ta ci fiye da naira miliyan 500, kuma kuɗin Bankin Duniya rance ne, ko da mai sauƙin sharaɗi ne, wanda 'ya'yan da ba a haifa ba za su taya biya. Ba za a iya bin kowane kwari a Gombe da Kumo da Billiri da Kaltungo da wannan farashi ba. Na biyu, injiniya yana auna faɗin magudana ne da yawan ruwan da yake tsammani daga tudu, tudun kuwa bai daina cika da kwano ba, saboda haka magudanar da ta isa a bana tana iya gazawa bayan shekara goma sha biyar ba tare da an yi ha'inci a ginin ta ba. Na uku, kankare santsi gare shi, ruwa yana gudu a kansa fiye da yadda yake gudu a kan yashi, kuma duk inda magudanar ta ƙare akwai wani ƙauye ko wata gona da za ta karɓi ruwan da ƙarfinsa. Idan ba a yi wa ƙarshen kyakkyawan tanadi ba, an matsar da kan kwari ne kawai daga unguwar da ke da murya zuwa wadda ba ta da ita.

Dashen itatuwa ma yana da nasa sharaɗi. Adadin da ake sanarwa na abin da aka dasa ne, abin da ke riƙe ƙasa kuwa shi ne wanda ya tsallake rani biyu na farko, da awaki, da wutar daji. Inda aka killace shuka aka ɗauki masu ban ruwa, kamar a gefen wasu manyan tituna da harabar makarantu, an ga sakamako. Inda aka dasa aka ɗauki hoto aka tafi, sai turaku. Ga zaizaya kuma wurin da aka dasa ya fi yawan abin da aka dasa muhimmanci: dogon yaro ɗari a tsakiyar titi yana ba da inuwa, amma ɗari a kan tudun da ruwa ke tasowa shi ke rage abin da zai isa kwari.

Tudun da ba a taɓa ba

A ganina gibin da ya rage yana wurin da ruwan ke fitowa, kuma cike shi ya fi kankare araha nesa ba kusa ba, sai dai ya fi shi wuyar siyasa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma a hannun ƙananan hukumomi, Gombe kuwa tana girma ne daidai a kan wannan iyaka, inda gona ke zama unguwa kafin hukumar tsara birni ta iso. Jihar ta kafa hukumar GOGIS don tsara bayanan filaye da kwamfuta, wannan kuma mataki ne mai kyau, domin ba a iya kare hanyar ruwan da ba a zana ta a taswira ba. Amma taswira ba ta hana gini. Abin da zai hana shi ne a fitar da hanyoyin ruwa da tazarar da za a bari a gefensu tun gona tana gona, a kafa musu alama da kowa zai gani, kuma hukuncin ya hau kan mai sayarwa da wanda ya sa hannu, maimakon a jira talaka ya gama gini sannan a zo da jan fenti.

Haka nan babu abin da zai hana izinin gini a unguwannin tudu ya zo da sharaɗin cewa kowane gida ya riƙe wani kaso na ruwansa, ko da tanki a ƙarƙashin indararo, ko da ramin da aka cika da tsakuwa don ruwa ya nutse, ko da barin wani sashe na tsakar gida babu daɓe. A inda gida ke dab da bakin kwari nutsar da ruwa haɗari ne, domin yana jiƙa bangon, amma a can sama riba biyu ce, tun da mai gidan ne zai sha ruwan da ya tara. Manyan gine-ginen gwamnati da makarantu da kasuwanni da masallatai da majami'u, waɗanda rufinsu ya fi na kowa faɗi, su ya kamata su fara. Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Ƙa'idar nan ta hadisi da ke cewa babu cuta babu cutarwa, malaman fiƙihu sun daɗe suna aiki da ita a kan indararon da ke zuba a gidan maƙwabci, kuma kowane mai unguwa ya taɓa raba irin wannan rigima. Abin da ya sauya shi ne maƙwabcin da ake cutarwa yanzu yana nesa da kilomita biyar, bai san sunan wanda ya turo masa ruwan ba, balle ya kai ƙararsa.

Masu haƙar yashi kuwa korarsu da 'yan sanda ba ta taɓa ɗorewa ba, domin garin bai daina neman bulo ba. Magudanun da aka gina suna tara yashi a matattaransu, wanda dole ne a kwashe shi kowace shekara idan ana son su yi aiki. Da za a tsara matasan nan cikin ƙungiyoyi a ba su izinin kwashe wannan, a hana su taɓa gindin bango, da an mayar da masu ƙara wa kwari zurfi sun zama masu yashe magudana. Wannan yana da muhimmanci saboda ACReSAL shiri ne mai wa'adin shekara shida, kuma ranar da ofishinsa ya rufe, yashe magudana da ɗinke tsagar kankare da maye jemar da ta mutu za su koma kan kasafin jiha da hukumar tsabtace muhalli ta GOSEPA, a cikin jerin buƙatun da kowannensu ke da masu kuka a bayansa. Tsaga ɗaya da aka bari damina biyu ta isa ruwa ya shiga ƙarƙashin kankare.

A yanzu haka, a gonakin da ke bayan Tumfure da sauran gefen yamma, dillalai suna ci gaba da kafa turaku da jan igiya, masu bulo kuma suna bin su a baya. Takardar cinikin da ake rubutawa tana ɗauke da sunan mai sayarwa da na mai saye, da shaidu, da maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa, amma babu layi ko ɗaya a cikinta da ya ambaci inda ruwan filin zai bi.